Neman tarihin kakana da aka ce ya yi Yaƙin Hitila a jirgin ruwa

Jikan Mazan Jiya, Bagalam

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar takardun tsofaffin sojoji, musamman na zamanin mulkin Faransa, game da kakana na wajen uba, wanda ya rasu tun ban yi wayo sosai ba, Allah ya jiƙansa. Abin da muka tashi muka tarar ana faɗa a gidanmu shi ne ya yi Yaƙin Hitila a cikin jirgin ruwa, har tsofaffin unguwa suna kiransa sojan ruwa, amma babu wanda zai iya gaya maka sunan jirgin, ko shekarar da ya tafi, ko irin aikin da yake yi a cikinsa. Mahaifina ma ya rasu, kuma wadda ta rage cikin 'ya'yan kakan namu ita ce gwaggona, wadda yanzu tsufa ya kama ta.

Abin da ya bari yana cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe a ɗakin gwaggo. Akwai hoto guda da ya koɗe, yana tsaye cikin kayan soja, akwai maɓallan riga na tagulla masu ɗauke da alamar ƙugiyar nan da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi, akwai lambar yabo ɗaya, sai kuma guntun takarda da Faransanci wanda gara ta cinye fiye da rabinsa. Labarin da gwaggo take iya tunawa daga bakinsa kaɗan ne. Ta ce yakan ambaci Dakar, yakan ce akwai lokacin da aka yi kwanaki ana harbo manyan bindigogi daga cikin teku zuwa gari, yakan kuma ba da labarin wata ƙasa mai sanyi inda ruwa yake daskarewa a cikin bokiti. Ta ce kakarmu ta sha faɗa cewa da ya dawo sai ya tarar garin Maraɗi ya tashi daga bakin gulbi ya koma kan tudu, har sai da aka raka shi sabon gidansu.

Tambayata ita ce daga ina ya kamata in fara. Shin takardun irin waɗannan mutane suna Yamai ne, ko Dakar, ko kuwa sai Faransa? Kuma shin jika yana da ikon neman su, ko sai ɗa na cikinsa? Ba kuɗin fansho nake nema ba, so nake kawai in san jirgin da ya yi aiki a cikinsa da wuraren da ya je, domin in rubuta wa 'ya'yana tun gwaggo tana raye tana iya gyara mini.

Malamin Tarihi Mai Ritaya, Zariya

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya kuma saka maka da alheri bisa wannan niyya. Kafin ka rubuta wa kowane ofishi wasiƙa, akwai abin da ya wajaba ka tantance, domin a kansa komai ya rataya: shin kakanka sojan ruwa ne, ko ma'aikacin jirgin 'yan kasuwa ne, ko kuwa sojan ƙasa ne da aka ɗauka a jirgi daga wannan tasha zuwa waccan? Kowane ɗaya cikin ukun nan takardunsa suna wuri dabam, kuma wanda ya nemi sojan ƙasa a ma'ajiyar sojan ruwa amsar da zai samu ita ce ba a san da shi ba, alhali kuwa sunansa yana nan a wani gari.

Ni dai a ganina, tun kafin in ga hoton, na ukun ya fi ƙarfi, kuma maɓallan da kuke ɗauka shaidar aikin jirgi su ne suka sa na faɗi haka. Sojojin da Faransa take turawa ƙasashen da ta mallaka a da suna ƙarƙashin ma'aikatar sojan ruwa ne. A 1900 aka yi doka aka mayar da su ƙarƙashin ma'aikatar yaƙi, amma suka ci gaba da riƙe alamar ƙugiyar jirgi a maɓallansu da wuyan rigarsu da hulunansu. Rundunar baƙar fata da Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, ya kafa a 1857, wadda ake kira tirailleurs sénégalais ko da mutum Bahaushe ne ko Bazabarme ko Bamose, tana cikin wannan reshe. Saboda haka dubban mutanen da ba su taɓa riƙe igiyar jirgi ba sun dawo gida da wannan alama a ƙirjinsu. Ka ƙara da cewa mutumin da ya tashi a Maraɗi, wanda babban ruwan da ya sani shi ne gulbi da tafkin Madarumfa, idan ya yi makonni a kan teku yana amai yana jin tsoron jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, to wannan tafiyar ce za ta fi zama a bakinsa idan ya dawo, kuma 'ya'yansa za su taso da cewa a jirgi ya yi yaƙin.

Ka ɗauko hoton ka duba kansa da wuyansa. Sojan ruwan Faransa yana sa hula mai faɗi marar baki da jan tuntu a tsakiyarta, sau da yawa da rubutu a kewayenta, rigarsa kuma tana da faffaɗan wuya da ya sauko bayansa. Sojan ƙasa na yankinmu jar dara yake sawa, da faffaɗar ɗamara a ƙugu, ƙafafunsa a nannaɗe da ƙyalle daga idon sawu zuwa gwiwa. Sai dai ka sani daga 1943 an raba wa da yawa daga cikinsu kayan sojan Amurka, don haka idan hoton na ƙarshen yaƙi ne kayan suna iya bambanta.

Labarin bindigogin Dakar kuwa ya dace da abin da ya faru daga 23 zuwa 25 ga Satumba 1940, lokacin da jiragen yaƙin Ingila tare da mutanen Janar de Gaulle suka zo karɓar garin daga hannun Gwamna Pierre Boisson, wanda yake biyayya ga gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ke haɗa kai da Jamus, aka yi musayar wuta kwana uku suka janye. Babban jirgin yaƙin nan Richelieu yana cikin tashar a lokacin, shi ma ya yi harbi. Amma ka lura da yadda gwaggonka ta faɗi maganar: ana harbowa daga teku zuwa gari. Wannan ya fi kama da maganar wanda yake tsaye a kan tudu, kuma a lokacin akwai sojojin ƙasa baƙar fata masu yawa da ke tsaron Dakar. Afirka ta Yamma ta Faransa, har da Nijar, ba ta koma ɓangaren ƙawancen Ingila da Amurka ba sai a Nuwamba 1942, kuma bayan haka ne aka riƙa kwashe sojoji a jiragen ruwa zuwa Maroko da Aljeriya. Ƙasar sanyin da ya ambata tana iya zama gabashin Faransa a ƙarshen 1944. Maganar kakarka kuma ta ba ka iyaka mai kyau, domin a 1945 ne ambaliyar gulbi ta ci tsohon gari aka koma kan tudu, wato bai dawo ba sai bayan wannan.

Idan sojan ƙasa ne, inda za ka nufa shi ne garin Pau a kudancin Faransa, inda akwai ma'ajiyar da ake kira Centre des archives du personnel militaire, reshen hukumar tarihin sojan Faransa, kuma a nan ake ajiye rajistar sojojin da aka ɗauka daga ƙasashen da Faransa ta mallaka. Idan sojan ruwa ne wanda ba hafsa ba, ofishin rajistar sojan ruwa da ke Toulon za ka tambaya. Idan kuwa jirgin 'yan kasuwa ya yi wa aiki, kamar yadda 'yan Afirka ta Yamma da dama suka yi aikin zuba kwal a jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Dakar da Marseille, to hukumar fanshon ma'aikatan jirgi ta Faransa, ENIM, ita ce mafari. Na sa wannan a ƙarshe ne domin yawancin masu wannan sana'a mutanen kogin Senegal ne da na bakin teku.

Ma'ajiyar takardun ƙasa ta Yamai da ta Dakar suna da amfani, amma ta wata fuskar. A Dakar ne aka bar takardun babban gwamnan Afirka ta Yamma, a Yamai kuma akwai rahotannin kwamandojin yankuna. Cikinsu za ka ga yadda ake ɗaukar soja kowace shekara, yadda ake ɗora wa sarakuna adadin samarin da za su kawo, da yadda mutane suke tsallakawa Najeriya don gujewa. Wannan zai fahimtar da kai zamanin, amma tarihin mutum guda, daga ranar da aka ɗauke shi zuwa ranar da aka sallame shi, a rajistar soja yake.

Ɗan Jibiya

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ban ja da shi ba a kan maganar maɓalli. Sai dai ina so ɗan'uwa ya bar wata ƙofa a buɗe kafin ya rufe littafi a kan Faransa, domin mu da muke zaune a bakin iyaka mun san cewa mutumin Maraɗi na wancan zamani Katsina da Kano sun fi masa kusa da Yamai nesa ba kusa ba. Tun 1912 jirgin ƙasa yana tashi daga Kano zuwa Legas, kuma samari da dama daga ƙasar Faransa sun tsallako sun shiga sojan Ingila, inda Hausa ce harshen bariki, wasu don gudun aikin tilas, wasu don albashi. A 1940 an ɗauki sojojin Najeriya a jirgin ruwa zuwa Mombasa don yaƙar Italiya a gabashin Afirka, sannan a 1943 da 1944 aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Indiya, daga nan suka shiga Bama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya dawo da labarin teku.

Rarrabewa ba ta da wuya. Alamar sojan ƙasa na Ingila a Afirka ta Yamma itacen kwakwa ce, maɓallin sojan ruwan Ingila kuma yana da kambin sarauta a saman ƙugiyar. Lambobin yabon Ingila na wannan yaƙi da yawansu taurari ne masu tsini shida da kambi a tsakiya, akwai ta Bama, akwai ta tekun Atlantika wadda aka ba ma'aikatan jirgi. Ka duba taka ka gani ko tauraro ce.

Idan ta tabbata cewa jirgin 'yan kasuwar Ingila ya yi wa aiki, kamfanin da ya mamaye zirga-zirgar wannan gaɓa shi ne Elder Dempster na Liverpool, wanda yake ɗaukar ma'aikata baƙar fata a Freetown da Legas, kuma ya yi asarar jirage da yawa a yaƙin. Ɗaya daga cikinsu, Abosso, jirgin Jamus na ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi ranar 29 ga Oktoba 1942, mutum 362 suka halaka. Takardun ma'aikatan jirgi suna ma'ajiyar ƙasar Ingila da ke Kew. Kundin da ake kira BT 395 ana iya bincika shi da suna ta intanet, amma yana ɗauke ne kawai da waɗanda aka nemi lambar yabonsu aka bayar, wanda kuwa ya koma ƙauyensu bai nema ba ba zai fito ba. Kundin BT 381 shi ne jerin sunayen ma'aikatan kowane jirgi a shekarun yaƙin, sai dai an tsara shi ne bisa lambar jirgi, wato sai ka san jirgin kafin ka sami mutumin, kai kuma jirgin kake nema.

Akwai kuma abin da nake so ka kiyaye, ko ta ɓangaren Ingila ko ta Faransa. Yawancin jerin sunayen da aka sa a intanet na waɗanda suka mutu ne a yaƙi. Bangon tunawa na Tower Hill a Landan yana da sunayen ma'aikatan jirgi kusan 24,000 na wannan yaƙi waɗanda teku ta zama kabarinsu, shafin Mémoire des hommes na Faransa shi ma babban abin da ya ƙunsa waɗanda suka mutu ne. Kakanka ya dawo gida ya haifi 'ya'ya, don haka idan ka rubuta sunansa a waɗannan wurare ba ka ga komai ba, wannan bai nuna cewa bai yi yaƙin ba.

Jikan Mazan Jiya, Bagalam

Baba Malam da ɗan'uwa na Jibiya, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na koma wajen gwaggo na buɗe akwatin a cikin haske. Hular da ke kansa a hoton doguwa ce kamar dara, babu tuntu, kuma akwai faffaɗar ɗamara a ƙugunsa. Maɓallan ba su da kambi. Lambar yabon ba tauraro ba ce, tana da hannu huɗu masu faɗi, a tsakiya akwai kan mutum sanye da hular ƙarfe, a bayanta kuma akwai takobi da rubutun Croix du combattant. A guntun takardar ana iya karanta haruffa uku, R.T.S., da wasu lambobi da farkonsu ya tafi da gara.

Da na gaya wa gwaggo cewa da alama sojan ƙasa ne, ranta bai so ba, ta ce ita dai ta ji shi da kunnenta yana faɗin yadda suke kwana a cikin jirgi an hana su kunna ko da ashana da dare. Ban yi mata gardama ba. Yanzu abin da ya rage mini shi ne yadda zan nuna cewa ni jikansa ne, domin kakana ba shi da takardar haihuwa, kuma ko a takardun mahaifina an rubuta sunan kakan iri biyu. Sannan ina so in sani ko har yanzu akwai hanyar gano jiragen da suka ɗauke shi, tunda wannan ne abin da gidanmu ya riƙe.

Bamaraɗiya, Mokoyo

Ƙanena, gwaggonka tana da gaskiya, kuma maganarta ba ta saɓa wa ta Malam ba. Jiragen da ke ɗaukar sojoji a lokacin suna tafiya ne cikin duhu don kada abokan gaba su hango su, saboda haka hana kunna ashana shaida ce cewa ya hau teku a tsakiyar yaƙi. Shawarata ita ce ka fara da ita kafin Pau, domin takarda tana iya jiranka shekara goma, tsohuwa kuwa sai yadda Allah ya so. Ka ɗauki muryarta a waya da izininta, kada kuma ka tambaye ta shekara, domin ba da shekarun Nasara take lissafi ba. Ka tambaye ta wane sarki ne yake kan gado lokacin da aka ɗauke shi, ko an riga an yi masa aure, wa suka tafi tare, wa ya dawo wa bai dawo ba, da kuma ta wace hanya suka bi zuwa teku. Idan ta ambaci Kwatano ko jirgin ƙasan Parakou, ka rubuta. Gidajen abokan tafiyarsa ma ka neme su, domin waɗanda aka ɗauka rana ɗaya a gari ɗaya lambobinsu sukan biyo juna, kuma wataƙila a wani gidan littafin sojan yana nan lafiya gara ba ta taɓa shi ba.

Ka kuma tambaye ta abin da ya fi muhimmanci ga masu rajista: sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa, da ƙauyen da aka haife shi, da sarkin da ƙauyen yake ƙarƙashinsa. Sojojin wancan lokaci ba su da ranar haihuwa, likita ne yake duban mutum ya ƙiyasta shekarunsa a rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza. Da sunayen iyaye da na gari ake bambanta mutum da masu irin sunansa. A wasiƙarka ka jera duk yadda Bafaranshe zai iya rubuta sunan, domin wanda muke kira Mamman ana iya samunsa a Mamane ko Mahamane ko Mamadou, kuma sau da yawa sunan uba ake sawa a matsayin sunan iyali, wani lokaci ma sunan gari ko laƙabi.

Game da shaidar dangantaka, ka haɗa takardar haihuwarka wadda ta nuna sunan mahaifinka, da ta mahaifinka ko hukuncin kotu da ya tsaya a madadinta wanda ya nuna sunan kakanka, da takardar rasuwar kakan idan akwai. Inda sunan ya bambanta, ana yin takardar da ke tabbatar da cewa sunaye biyun na mutum ɗaya ne, ka tambaya a ma'aikatar magajin gari ko a kotu. Amma mafi sauƙi shi ne a rubuta wasiƙar da sunan gwaggo, tunda ita 'yarsa ce ta cikinsa, kai kuma ka zama mai bin sawu. Wannan ma zai faranta mata rai.

Kada ka manta da lambar yabon. Ba a ba mutum Croix du combattant sai yana da katin shaidar tsohon mayaƙi, katin kuma sai an cika takardu an bincika aikinsa kafin a bayar. Ka je ofishin 'yan mazan jiya ka tambaya ko sunansa yana cikin rajistarsu, ka kuma tambayi gwaggo ko ta taɓa ganinsa yana zuwa karɓar kuɗi da wani ɗan littafi. Fanshon tsofaffin sojojin Afirka an daskarar da shi da dokar 1959, wato an hana ƙara shi, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011, don haka kuɗin ba su da yawa a zamaninsa, amma littafin yana ɗauke da cikakkiyar lambarsa ta soja.

Ɗan Tsohon Saje, Tasawa

Ɗan'uwa, mahaifina a irin wannan runduna ya yi aiki, kuma takardarsa tana hannuna, don haka bari in gaya maka abin da za ka gani idan taka ta zo, domin amsar tambayarka ta jirgi tana ciki. Haruffan R.T.S. suna nufin rundunar tirailleurs sénégalais, wato Malam ya yi daidai, Pau za ka rubuta wa. Abin da za ka roƙa sunansa état signalétique et des services. A samansa akwai suna, da iyaye, da gari, da shekarar da aka ɗauke shi, da lambarsa. Ƙasa da wannan sai jerin layuka, kowanne da kwanan wata: an ɗauke shi, an tura shi runduna kaza, an ƙara masa girma, ya shiga jirgi a tasha kaza, ya sauka a tasha kaza. Kalmomi biyu za ka nema, embarqué da débarqué, wato hawa jirgi da sauka. A wani ɓangaren kuma, inda ake lissafin wuraren da ya yi aiki don ƙididdigar fansho, ana rubuta kwanakin da ya yi a kan teku dabam, daga rana kaza zuwa rana kaza. Wani lokaci magatakarda yakan sa sunan jirgin, wani lokaci tasha da rana kawai yake sawa.

Idan babu sunan jirgin, lambar rundunar da ranar tafiya sun isa ka ci gaba. Kowace runduna tana da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum, ana kiransa journal des marches et opérations, kuma na wannan yaƙi suna babbar ma'ajiyar tarihin soja da ke Vincennes kusa da Paris. A cikinsa ne ake rubuta cewa bataliya ta shiga jirgi kaza a tasha kaza. Wannan yana bukatar wanda zai je ya karanta da kansa, don haka idan kuna da ɗalibi ko ɗan'uwa a Faransa ka tanadar masa lambar rundunar da kwanakin daidai, kada ka tura shi da suna kawai.

Bisa abin da gwaggonka ta faɗa ana iya hasashen hanyar, amma ka riƙe shi a matsayin hasashe har takarda ta zo. Wanda yake Dakar a Satumba 1940 ba ya cikin waɗanda Jamus ta kama a Faransa a watan Yuni na wannan shekara, don haka da wuya ya kasance cikin fursunonin da jirgin Circassia ya dawo da su Dakar a Nuwamba 1944, waɗanda aka buɗe wa wuta a barikin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba saboda sun nemi haƙƙinsu. Hanyar da ta fi dacewa da labarinsa ita ce ta rundunonin da aka kai arewacin Afirka a 1943. Runduna ta 4 da ta 6 da ta 13 na tirailleurs sun bi ta tsibirin Corse, wasunsu sun sauka da yaƙi a tsibirin Elbe na Italiya ranar 17 ga Yuni 1944, sannan suka shiga cikin saukar da aka fara a gaɓar Provence da ke kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta, suka yi yaƙin ƙwato Toulon, suka hau arewa har sanyi ya riske su, aka janye su aka mayar da su barikokin kudu irin na Fréjus suna jiran jirgin komawa gida. Idan kakanka yana cikin waɗannan, to ya hau teku sau da dama, wani hawan ma a ƙananan jiragen saukar da sojoji ana harbinsu, kuma gwaggo tana da hujjar cewa ya ga yaƙi a kan ruwa.

Wasiƙar da Faransanci za a rubuta ta, gajera, da sunayen nan da Bamaraɗiya ta ce ka jera, da lambobin da suka rage a guntun takardar ko da ba su cika ba, da bayanin cewa an ɗauke shi a Nijar kafin Satumba 1940 kuma ya dawo bayan ambaliyar 1945. An rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a farkon 2024, saboda haka ka duba adireshin ma'ajiyar a shafin Service historique de la Défense ka aika kai tsaye. Kwafi za ka tura, hoton da lambar yabon da asalin takardar su zauna a gida, ka kuma ɗauki hoton kowannensu gaba da baya ka ajiye a wuri biyu. Idan Pau suka amsa cewa ba su same shi ba, ka sake aikawa da wani rubutun sunan ko da cikakkiyar lambar da za ka samo a ofishin 'yan mazan jiya kafin ka juya zuwa Toulon.